Wa ya ba ka makullin lahira, Malam mai wa'azi?

Na ga bidiyon, ku ma kun gani, kuma ba zan sake ɗora shi a nan ba. Wannan mai wa'azi ya yi kuskure, kuskure babba, kuma Littafin da ke hannunsa ne zai fara ba da shaida a kansa. Mutum ya tsaya gaban gawa, 'ya'ya da jikoki na zubar da hawaye, ya miƙa yatsa ya nuna tsohuwar makabartar ƙauye, ya ce duk kakannin da ke kwance can suna cikin wuta don ba su karɓi Yesu ba. Su karɓi wa? A bakin wa suka ji sunansa? Wane mai bishara ne ya je ƙofarsu suka kore shi?

A yi lissafi mana. A ƙarshen 1893 'yan mishan uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Legas, biyu daga cikinsu suka mutu ba su kafa komai ba. A 1900 tawagar Bishof Tugwell ta isa Kano, Sarki Aliyu ya ce su koma inda suka fito. Likita Miller, shi ma ɗan mishan, sai 1905 ya zauna a Zariya. Mishan na Garkida sai 1923. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa sai 1932 ya fito, asibitin mishan na Galmi a Nijar kuwa 1950. Ƙauyukan Maguzawa da yawa a ƙasar Kano da Katsina ba su ga mai bishara ba sai bayan haka da nisa, don gwamnatin Turawa kanta ta daɗe tana hana 'yan mishan shiga masarautu. Daga ranar Fentikos, ranar da manzanni suka fara wa'azin bishara, zuwa 1900 shekara kusan 1,870 ce. In ka ba kowane tsatso shekara 30, tsatso sama da sittin ke nan, uba bayan uba, da suka yi noma, suka aurar da 'ya'ya, suka mutu ba wanda ya gaya musu komai. Kai kuma, da makirfo ɗaya da minti biyar, ka yanke musu hukunci gaba ɗaya. Wa ya ba ka makullin?

Na san ayoyin da za a jefo mini. Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12. Na gaskata su kamar yadda kuka gaskata: ba mai zuwa wurin Uba sai ta wurin Almasihu, kuma babu wani suna da aka bayar domin ceto. Amma ku lura da tambayar da suke amsawa. Suna gaya mana ta wurin wa ceto yake zuwa. Ba su ɗauki jerin sunayen matattun ƙauyenku suka ce wane ya shiga, wane bai shiga ba. A nan ne yawancin masu wa'azinmu ke tuntuɓe: a ɗauki aya mai maganar Mai Ceto a tilasta mata ta zama takardar hukuncin wani tsoho da ya rasu tun kafin zuwan Turawa. Ibrahim bai taɓa furta sunan Yesu Banazare ba. Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, ba Ba'isra'ile ba. Malkisadik sarkin Salem ba daga zuriyar Ibrahim ya fito ba, amma Farawa 14 ta kira shi firist na Allah Maɗaukaki, Ibrahim kuma ya ba shi ushiri. In sun tsira, da jinin Almasihu suka tsira, ba su kuwa san labarin gicciye yadda yaran makarantar Lahadi suka sani yau ba.

Duk mai son ya taɓa wannan magana da gaskiya, ga yadda ake bin ta. Ka fara da Romawa 1:19-20, inda Bulus ya ce halitta kanta tana shaida ikon Allah, don haka ba mai hujja. Kada ka rufe Littafin a nan, don nan ne ake yawan rufewa. Ka wuce sura 2, aya 12 zuwa 16. I, aya 12 ta ce wanda ya yi zunubi ba da shari'a ba zai hallaka ba da shari'a ba, ba na ɓoye ta. Babu marar zunubi, ko kakanka ko kai. Amma aya 14 da 15 sun ce al'ummai marasa shari'a suna da aikin shari'a rubuce a zuciyarsu, lamirinsu yana kai ƙararsu ko yana kāre su, aya 16 kuma ta ce wannan zai faru ne a ranar da Allah zai shari'anta asiran mutane ta wurin Yesu Almasihu. Asirai aka ce. Kai ka san asirin zuciyar tsohon da ba ka taɓa gani ba? Daga nan ka je Luka 12:47-48: bawan da ya san nufin ubangidansa ya ƙi yi, dukansa mai yawa ne, wanda bai sani ba kuwa kaɗan. Sai Matiyu 11:21-24, inda Yesu da bakinsa ya ce Taya da Sidon da Saduma za su fi samun sauƙi a ranar shari'a a kan garuruwan da suka ga al'ajibansa suka ƙi tuba. Wato wanda ke zaune a benci na gaba kowace Lahadi yana zalunci a kasuwa ran Litinin ya fi cancanta ya ji tsoro. Sai ka rufe da maganar Bulus a Listira, Ayyuka 14:16-17, cewa Allah ya bar al'ummai su bi hanyarsu amma bai bar kansa ba shaida ba, yana ba su ruwan sama da damina mai albarka, da maganarsa a Atina, 17:30, cewa Allah ya kau da kai ga zamanan jahilci. Bamagujen da ke yanka wa iskoki a gindin tsamiya ya san akwai Allah sama da iskokin, sunan yana bakinsa. Abin da ya yi da ɗan hasken nan, Allah ya sani, kai ba ka sani ba.

Wani zai ce to ai kowa zai tsira ke nan. Ban faɗa ba, kuma kada a sa mini magana a baki. Marigayi Byang Kato na Kwoi, masanin tauhidin Kirista, ya yaƙi koyarwar cewa dukan addinai hanya ɗaya ce har ya rasu a 1975, ina kuma tare da shi a kan haka. Wani zai ce in haka ne me ya sa ake bishara. Don Ubangiji ya umarta, don kuma mutum yana bukatar sanin Mai Cetonsa tun yana da rai. A Ayyukan Manzanni 10, mala'ika ya gaya wa Karniliyus, jarumin sojan Roma, cewa addu'arsa da sadakarsa sun kai gaban Allah tun Bitrus bai iso ba, duk da haka aka aiki Bitrus. Wanda ba zai iya fita bishara ba sai ya tabbatar wa kansa kakannin mutane na ƙonewa, ya binciki abin da ke tura shi.

Kuma kada a ce wannan sabon ra'ayi ne na 'yan boko. Justin Shahidi, a ƙarni na biyu, ya lissafta Sokratis, masanin Helenawa da ya mutu tun kafin haihuwar Yesu, cikin waɗanda suka rayu bisa Kalma, wato Almasihu. Majalisar Florence ta ikilisiyar Katolika a 1442 ta tsananta magana ƙwarai a kan duk wanda ke waje da ikilisiya, amma a 1964 Majalisar Batikan ta Biyu ta ce wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana kuma neman Allah da zuciya ɗaya, zai iya samun ceto. Furcin bangaskiya na Westminster na 1646, na 'yan Furotesta, mai tsauri ne, ya ce ba a tsira ta bin hasken halitta ko wani addini, amma ko shi ya bar ƙofa ga zaɓaɓɓun da ba su da halin jin kiran wa'azi. Manyan masana sun shekara kusan dubu biyu suna jan wannan magana da rawar jiki, ba su zama baki ɗaya ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da babin ahlul fatra, wato mutanen da saƙon manzo bai iske su ba, suna kuma karanta ayar da ta ce Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo. Yaron da ke zaune tsakanin gida biyu ya ji wannan a can, ya ji naka a nan, me kake tsammani zai ɗauka game da adalcin Allahnmu?

Fastoci da dattawa, ina roƙonku da gaske. A wurin jana'iza, wa'azi na masu rai ne. Ku karanta Farawa 18:25, inda Ibrahim ya tambaya ko mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba. Ku ce mamacin da kakanninsa suna hannun wanda ya fi mu adalci da jinƙai. Ku kira masu numfashi su zo ga Almasihu yau, don su sun ji. In matashi ya tare ku bayan sujada ya ce, “Baba, kakana fa?”, kada ku ba shi aljanna da bakinku, kada kuma ku ba shi wuta. Ku zauna ku bi ayoyin nan da shi ɗaya bayan ɗaya, ku nuna masa 1 Korantiyawa 4:5 da ta hana yanke hukunci kafin lokaci. Abin da ke faruwa in an yi akasin haka sananne ne: dangin da ba Kirista ba, waɗanda suka zo ta'aziyya don zumunci, su tashi su kakkaɓe riga, ba za su sake taka ƙofar majami'a ba, gwauruwa kuma ta koma ɗaki da nauyi biyu.

Wani abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kuma shi ne yadda muka mai da kowace kalma “wuta”. A asalin harsunan Littafin kalmomin daban-daban ne. Sheol ta Ibrananci wurin zaman matattu ce. Hades ita ce takwararta a Helenanci. Gehenna ta zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 a bakin Yesu, ɗaya a Yakubu 3:6, kuma daga sunan kwarin Hinnom da ke gefen Urushalima aka samo ta. Tartarus sau ɗaya tak, a 2 Bitrus 2:4, a kan mala'iku ma take magana. Makarantun Littafi Mai Tsarki na Hausa su dage da koyar da wannan tun shekarar farko. A Farawa 37:35, sa'ad da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara Sheol wurin ɗansa yana makoki. Ku je ku duba wace kalma fassarar da ke gidanku ta sa a wurin, ku rubuto mini a ƙasa.