Me Amurka ta ce? Tambayar da ba ta kai mu ko'ina

Da zarar an yi zaɓen da ya jawo ce-ce-ku-ce, saƙon da 'yan uwa ke fara turo mini daga Bauchi shi ne: me Amurka ta ce, Tarayyar Turai ta amince? Sai ka ce a can ake buga hatimin ƙarshe. Zaman da nake yi a Nairobi ya kashe mini wannan ɗoki.

A zaɓen Kenya na Agustan 2017, tawagogin 'yan sa ido na waje sun nuna gamsuwa, har John Kerry, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka da ke cikin 'yan sa idon, ya shawarci wanda ya sha kaye ya rungumi ƙaddara. Raila Odinga bai runguma ba, ya tafi kotu. Ranar 1 ga Satumba, Kotun Ƙoli ƙarƙashin David Maraga ta soke nasarar Uhuru Kenyatta, shugaba mai ci, saboda kurakuran da aka tafka wajen aika sakamako, ga shi hukumar zaɓe ta ƙi buɗe rumbun bayananta yadda kotu ta umarta. Har yau idan aka ambaci 'yan sa ido a nan, dariya mutane ke yi. Ba wai daga nan komai ya gyaru ba. Odinga ya ƙaurace wa zaɓen da aka sake, an kuma kashe masu zanga-zanga a Kisumu da unguwannin talakawa na Nairobi. Amma alƙalan gida ne suka gano abin da baƙi suka tsallake.

Mu kuwa a 2011 yabo muka sha. An ce zaɓen da Attahiru Jega ya gudanar ya fi na baya nesa ba kusa ba, kuma idan aka auna shi da na 2007 gaskiya ne. Sai dai a makon da ake wannan yabo, an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a rikicin bayan zaɓe a jihohi 12 na Arewa, in ji ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch. A jiharmu an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima su 10, wasunsu a Giade, yaran mutane da aka turo mana amana. Allah ya jiƙansu. Wannan abin kunyarmu ne, babu baturen da ya ɗora mana shi, babu kuma rahoton da ya hango shi.

A 2023 abin ya juya. Sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamako, a kan lokaci ba, rahoton Tarayyar Turai ya soki INEC, fadar shugaban ƙasa ta yi fatali da shi, Amurka kuwa tuni ta taya Tinubu murna. Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗora sakamakon bai isa ya rushe zaɓe ba. Matsala iri ɗaya da ta Kenya, hukunci daban.

Ko da Turawa suka fusata da gaske, me ya biyo baya? Sun ƙi amincewa da zaɓen Belarus na 2020, sun ƙaƙaba takunkumi, Lukashenko, shugaban ƙasar, yana nan daram. Can ma don maƙwabciyarsu ce, hayaƙin na shiga ɗakinsu. Wa zai yi wa Najeriya mai fetur da kasuwa irin wannan?

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin yana rubuce a gida. Marigayi 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi na da naƙasu, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais. Kwamitin ya ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaƙulo shugaban INEC, a kuma kafa hukumar hukunta masu maguɗi. Tun 2008 ake ajiye da rahoton nan, kuma 'yan majalisar da muke turawa Abuja daga Bauchi da Gombe ba mu taɓa titsiye su a kansa ba.