Wai makewayin manyan baƙi ne

Da hutun Babbar Sallah na ɗauko mahaifiyata Hajiya da matata da yara daga Kano, muka nufi Yankari. Shekara biyu yaran suna damuna in kai su su ga giwa, su yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Mun yi nisa sai Hajiya ta ce a tsaya, za ta kewaya. Tana fama da ciwon suga, duk mai jinyar irinsu ya san ba a ce musu su daure. Can na hango wani wurin hutun matafiya na gwamnati, da ƙaton allo yana yi wa masu yawon buɗe ido maraba. Na ce alhamdulillahi.

Wani saurayi na zaune a kan benci yana latsa waya. Na yi sallama, ya amsa kansa a sunkuye.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah makewayi za a taimaka wa mahaifiyata da shi."

"Babu ruwa."

"Muna da buta, muna da ruwanmu."

"Makulli na wajen oga."

Ina kallon makullan a rataye a ƙugunsa. Na nuna masa. Sai a lokacin ya ɗago, ya dube ni daga hula har takalmi, ya dubi tsohuwar motata, ya ce, "Alhaji, wannan na manyan baƙi ne. An ce kada a buɗe wa kowa." Ya ɗaga haɓa ya nuna bayan katanga: "Ga daji nan."

Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, tana dogara sanda, ita ce wanda bai kai jikanta ba yake nuna wa daji da haɓa! Hajiya ta ja hannun rigata ta ce, "Ƙyale shi, mu je." Matata ta kare ta da mayafi a cikin ciyayi, manyan motoci na wucewa. Da za mu tashi kuma ya biyo mu, wai ɗari biyar kuɗin ajiye mota. Wallahi har yau in na tuna jikina rawa yake.

To su wane ne manyan baƙin? Mu da muka sayi mai da tsadarsa, muka biya kuɗin shiga, muka kashe kuɗinmu a ƙasarmu, mu ba baƙi ba ne? Nan cutar take. Duk tsarin da suke yi, Baturen da bai zo ba suke yi wa, da ayarin mai jiniya. Tun 2006 aka rubuta babban kundin bunƙasa yawon buɗe ido na ƙasa. A 2023 aka kafa wa harkar ma'aikata sukutum, a 2024 aka sake haɗe ta da ta al'adu. Taro, allo, yanka kintinkiri. Famfo ɗaya mai ruwa a bakin titi ya gagara.

Kuma ba abin kallo muka rasa ba. Zanen duwatsun Birnin Kudu na kan wannan hanya da muka bi, mutum nawa suka taɓa tsayawa? Dutsen Zuma, wanda ke jikin naira ɗari, yana bakin titin Abuja zuwa Kaduna, titin da tun 2017 aka ba da kwangilarsa har Kano, muka shekara da shekaru muna cin ƙura da ramuka. Dajin Falgore kuwa direba addu'a yake ya wuce shi kafin magariba. Wa zai tsaya kallon dutse a inda yake tsoron tayarsa ta fashe?

Mu ma da namu laifin. An ba yaro makulli ɗaya ya mayar da shi sarauta, mutane biyar na zaune a wurin suna ji, babu wanda ya ce masa kul.

Mun isa Yankari, yara sun yi wankansu. Hajiya kuwa ko ruwa ta ƙi sha a hanyar dawowa, don kada ta sake cewa a tsaya.