Ranar da na yi wa itace aski

Bara da damina na je Nguroje, kan tsaunin Mambila, gaida yayana. Ni ɗan Kano ne, zafi na sani. Can kuwa ka haura mita 1,500, hazo har cikin ɗaki, da rigar sanyi biyu na kwana.

Da asuba na fito alwala sai na ga wani itace a bayan gida ya yi gemu. Wallahi gemu, zare-zare, fari da ɗan ratsin kore, yana reto daga rassa kamar furfurar tsohon ladan. Na ce a raina, wannan ai ɗan'uwan kauci ne, zai tsotse itacen ya bushe mutanen gida na kallo. Na ɗauko tsani da lauje. Kafin a dama koko na yi masa ƙwal-kwabo, na tara gemun a bokiti ina jiran yabo.

Sai ga ɗiyar yayan nawa, mai karatun ilimin tsirrai a jami'a, riƙe da ma'auni da ɗan littafi. Ta dubi itace, ta dubi bokiti, ta zauna daɓas.

"Baffa, me na yi maka?"

Ashe sunan abin Usniya, daga dangin Farmeliyasi. Wai halittu biyu ne suka haɗa gida, naman gwari da gansakuka: ita tana samar da abinci da hasken rana, shi yana ba ta masauki. Ba shi da saiwa, haya kawai yake a jikin itace, ruwan sama da hazo yake sha. Tana share hawaye ta ja sili ɗaya, ɓawon ya tsage, wani farin zare ya miƙe a ciki kamar roba. Da wannan ake gane shi, in ji ta, daga dazukan Turai da Amurka har tsaunukan gabashin Afirka. Hayaƙi ne ajalinsa, balle ya zauna a Ƙofar Ruwa.

'Yan milimita yake ƙaruwa a shekara. Shekara biyu tana aunawa saboda aikin kammala karatunta.

Na ce, "To ko gam za a sayo?"

Yayana har da faɗuwa daga kan kujera. Wuni na yi kan tsani cikin yayyafi ina ɗaure gemu da zaren ɗinki, reshe bayan reshe, yaran unguwa na ƙasa suna kiran "Baffa Wanzam, saura nan!"