Ba kasuwa ce ta rufe shagon nan ba, bashi ne

Tun daren jiya nake karanta jaje a ƙarƙashin hoton shagon wani bawan Allah da ke unguwar Balad a Jidda, wanda aka garƙama wa kwaɗo. Wannan ya ce kasuwar Jidda ta mutu, wancan ya ce haya ce ta yi tsada. Ni dai na zauna a shagon nan, na sha shayi a ciki, kuma na ga littafin bashinsa da idona. Abaya da jallabiya da sallaya da turare katan-katan suke fita har makon da aka rufe. Kaya na fita, kuɗi ne ba sa dawowa.

Wani ɗan littafi ne mai yagaggen bango, yana ajiye shi ƙarƙashin kwalin carbi. Na buɗe wani shafi, ga abin da ke ciki: "Alhaji na Kano, abaya 200." Shi ke nan. Babu kwanan wata, babu farashi, babu ranar biya, babu sa hannu. Na ce masa, "Yaya, wane Alhajin ne wannan?" Ya ce ai mutumin kirki ne, tare suka yi ɗawafi. Yau shekara biyu ke nan Alhajin bai ɗaga waya ba.

Bashin da ba a rubuta ba, ba a sa masa rana ba, kyauta ce ka yi ba da niyya ba. Ku riƙe wannan.

Na san za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kasuwancinmu da mahajjata da 'yan sari ba ya tafiya sai da amana. To wa ya ce a daina ba da bashi? Cewa na yi a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka: a sa ajali sananne, a rubuta, a kafa shaidu. Muna zaune tsakanin Makka da Madina, amma idan ka miƙa wa ɗan'uwa biro sai ya ɓata rai wai ba ka yarda da shi ba. Shi kuma mai kaya sai kunya ta kama shi ya mayar da biro aljihu. Kunyar mara kunya asara ce, wallahi.

Kuma zamanin da ake irin wannan sakaci ya wuce. Tun Yulin 2020 harajin kaya a Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15, tun Disambar 2021 kuma fatura, wato takardar shaidar ciniki, ta koma ta kwamfuta. A ƙa'idar asali, da ka yanka fatura haraji ya hau kanka, an biya ka ko ba a biya ka ba. Kayan riyal 20,000 da ka bayar bashi, riyal 3,000 za ka ciro daga aljihunka ka miƙa wa hukuma, alhali wanda ya karɓi kayan yana Kantin Kwari yana ce maka "sai na sayar". Mai ginin shago na jiran haya, wanda ya ba ka sari na jiran nasa, yaran shago na jiran albashi. Da wane kuɗi? Ribar da ke cikin littafi ba ta biyan haya.

Ga kuma maganar naira. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75, tun 1986. Naira kuwa kun ga yadda ta zube bayan Yunin 2023. Wanda ya ɗauki kaya da riyal ya dawo bayan wata takwas zai biya da naira a tsohon canji, ya cinye maka riba ya haɗa da uwar kuɗi. Da an rubuta cewa da riyal za a biya, da babu wannan gardamar.

Ni ba na ɗora sabon kaya a kan tsohon bashi, ko ɗan ɗakinmu ne. Kowa yana da iyakar da ba ya wucewa, kwana 30 ne wa'adi, kuma ana saura kwana uku nake kira in tuna masa cikin mutunci. Idan kuɗin da yawa kuma mutumin a nan ƙasar yake zaune, sai mu yi takardar alkawarin biyan bashi ta manhajar Nafiz, wadda kotun zartar da hukunci ke karɓa kai tsaye. Wanda da gaske ya shiga matsi na sani, ina ɗaga masa ƙafa, don haka aka umarce mu. Amma mai hali da ke jan ƙafa, Manzon Allah (SAW) da kansa ya kira abin da yake yi zalunci.

Ina roƙon waɗanda sunansu ke cikin littafin nan, kun san kanku: mai shagon nan 'ya'yansa shida.

Af, ku kuma masu turo hoton alat ku ce "na tura, duba", don Allah ku bari sai kuɗin ya shiga kafin ku aiko ɗan kago ya tsaya mini a ƙofar shago da buhu. Jiya ma sai da na mayar da ɗaya hannu wofi ana kiran sallar la'asar.