Kuɗin 'Yan Gudun Hijira Amana Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A watan Yunin 1793 wuta ta cinye birnin Cap-Français a Saint-Domingue, ƙasar da ake kira Haiti a yau, lokacin da bayi suka tashi neman 'yancinsu daga Faransawa. Dubban mutane suka faɗa jiragen ruwa, da yawansu daga su sai tufafin jikinsu, suka sauka a biranen Amurka, Baltimore da Norfolk da Philadelphia. Amurka a lokacin jaririyar ƙasa ce, ga bashi ya yi mata katutu. Mutanen gari suka yi karo-karo suka ciyar da baƙin, da abin ya fi ƙarfinsu suka kai kuka majalisar dokoki.

A farkon 1794 aka yi muhawara. James Madison, ɗaya daga cikin 'yan majalisar, ya ce yana son a taimaka, amma bai ga inda kundin tsarin mulki ya ba majalisa ikon kashe dukiyar jama'a a kan aikin jinƙai ba. A ƙarshe aka ware dala 15,000 a watan Fabrairu, aka ɗora wa Shugaba George Washington alhakin rabawa, aka rubuta kuɗin a lissafin bashin da Faransa ke bin Amurka, da sharaɗin idan Faransa ba ta amince ba cikin wata shida a dakatar. Ba cewa nake sun yi adalci ba. Cikin masu hijirar akwai iyayengijin bayi da suka taho da bayinsu, kuma tallafin bai kwance wa bawa ko ɗaya igiya ba. Amma kafin kwabo ya fita an san mai shi, an san wanda za a tuhuma.

Mu da muke da zakka da baitulmali mu ya kamata a koya a wajenmu. Manzon Allah (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Wannan fa kyauta ce. Ina ga buhun gero da aka rubuta da sunan matar da ta baro ƙauyenta da goyo a baya, tana kan layi tun asuba da katinta a hannu, rana ta take a ce mata kaya sun ƙare?

Daga Borno har Diffa 'yan uwanmu na zaune a sansanoni. Kai da aka ba rajista, kada ka cusa sunan ƙaninka. Ke da kike tara gudummawa a WhatsApp, fito da lissafi, abin da ya shigo da inda ya tafi, ko ba a tambaye ki ba. Mu kuma masu bayarwa mu daina jin nauyin tambaya, domin shirunmu ne ke ba mai son zuciya dama.

Allah Ya mayar da su gidajensu lafiya.