Ku daina cewa gaskiya ce ta ci Dan Rather

Tun jiya nake danne zuciyata, amma bawan Allahn nan da ya zo ƙarƙashin rubutuna yana cewa wai "faɗin gaskiya ne ya ci Dan Rather", tsohon mai karanta labaran gidan talbijin na CBS a Amurka, ya kai ni bango. Wace gaskiya, Malam? Takarda ce ta ci shi, takardar da ba a tantance ba.

Ranar 8 ga Satumba 2004, saura wata biyu zaɓen shugaban ƙasar Amurka, Rather ya fito a shirin 60 Minutes na CBS riƙe da takardun da aka ce Laftanar Kanar Jerry Killian, kwamandan Bush a soja, ne ya rubuta a 1972 da 1973, masu nuna an yi wa George Bush ƙarami gata lokacin da yake rundunar sojin sama ta jihar Texas. Killian ya rasu tun 1984, balle a tambaye shi. Takardun asali babu, sai kwafi, wanda ya kawo su kuma ya ce ya ƙone na asalin. Madalla! A kan wannan babban gidan talbijin ya ɗora mutuncinsa. Ba a jima ba wasu 'yan intanet suka buga kalmomin a Microsoft Word, rubutun ya hau kan na takardar daram, kamar an auna, alhali an ce da tafireta aka buga ta tun kafin a yi Word.

Za ku ce ai labarin kansa akwai ƙamshin gaskiya. To sai me? Kotu ake ko majalisar shayi? Wasu kuma su ce 'yan Republican, jam'iyyar Bush, ne suka yi masa taron dangi. Sun yi mana, amma wa ya miƙa musu sandar? Kwana goma sha biyu yana kare takardar nan kafin ya nemi afuwa ranar 20 ga wata.

Wallahi ba ƙin sa nake ba. Mutumin da yake Dallas ranar da aka harbe Kennedy a 1963, ya je Biyetnam, ya shiga Afganistan a 1980 cikin shigar mutanen ƙasar, ya zauna gaban Saddam Husaini a 2003. A watan Afrilun 2004 ɗin nan shi ya nuna wa duniya hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi, kuma ba wanda ya iya ƙaryata su, don an tantance su. Shi ya sa abin yake min ciwo. Shekara 24 a kujerar karanta labaran yamma ta CBS da ya gada daga Walter Cronkite, ya sauka a Maris 2005 saboda takardar da ba a tantance ba. Ƙarar dala miliyan 70 da ya shigar kan CBS ma kotu ta kore ta a 2009.

Af, maganar tafireta ta tuna min da ta mahaifina. Harafin "e" ɗinta kullum a karkace yake fita, ko cikin takarda ɗari ka gane tata. Wa ya san inda ake samun ribon ɗinta yanzu? Tana nan a ɗakin Hajiya, an ɗora mata kwanuka.