Ɗalibanmu na kwaminiti kwaleji, ku fito daga ɗaki

Jiya ƙanen wani abokina da ya zo Amurka karatu bara ya kira ni, muna cikin hira na ce masa wace ƙungiya ka shiga a makaranta, sai ya ce "Yaya ni fa karatu ya kawo ni, ba ni da lokacin wannan." Wallahi maganar ta tsaya min a rai, don nima haka na yi a zangona na farko, daga aji sai ɗaki sai masallaci ran Juma'a, shikenan.

Yawancin yaranmu da ke kwaminiti kwaleji, wato kwalejin shekara 2 ɗin nan da ake yi kafin a wuce jami'a, sun ɗauke ta tasha ce kawai, ka tara kiredit, wato lissafin awannin darussan da ka ɗauka, ka kama gabanka, har wasu kunya suke ji su faɗa wa mutanen gida inda suke karatu. Alhali a nan ƙofa ta fi buɗewa ga baƙo. Da yawan Amurkawan da kuke aji ɗaya ma'aikata ne masu iyali, ana tashi sai mota, shi ya sa wani lokacin kujerar majalisar ɗalibai ma ba ta samun mai nema. Kai kuwa da bizar ɗalibai ta F-1 dole ka ɗauki kiredit 12 a zango, aiki ma ba a yarda ka wuce awa 20 a sati ba idan ana karatu, kuma a cikin makaranta, to kusan kullum kana harabar. Me zai hana ka tsaya takara?

Ni abin da ya fara fito da ni ɗakin rabon abinci ne na ɗalibai marasa ƙarfi. Duk Talata ina jera gwangwanayen wake da taliya da madara a kan kanta, ina rubuta sunan wanda ya karɓa. Akwai wata dattijuwa da ke karatun nas, ta girmi mahaifiyata, ta zo da jikanta a hannu tana ta sunkuyar da kai, na ce mata a garinmu ma in aka yi girki ba a tambayar baƙo me ya kawo shi, ta yi dariya har da hawaye. Aikin gayya ne fa irin wanda muka tashi muka gani, suna kawai aka canza.

Daga nan na shiga majalisar ɗalibai. Ranar da na fara miƙewa in yi magana kan wurin salla, don a lokacin ƙarƙashin matattakala muke shimfiɗa darduma, muryata rawa take, Turancina da karin harshenmu, amma suka saurara, aka rubuta, kafin ƙarshen zangon aka ba mu wani ƙaramin ɗaki da duk mai ibada zai shiga.

Sannan maganar gaskiya, akwai riba. In makinka ya yi kyau za a gayyace ka Phi Theta Kappa, ƙungiyar haziƙan ɗaliban irin waɗannan kwalejoji da aka kafa tun 1918, kuma jami'o'i da yawa na ware tallafin karatu don mambobinta masu canjin makaranta. Malamar da ta rubuta min takardar shaida lokacin da zan wuce jami'a ba a aji ta san ni ba, a ɗakin gwangwanayen nan ta san ni.

Abu ɗaya dai, kafin ka fara aikin sa-kai a wajen makaranta ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka tambaya, don kar ka taɓa bizarka ba ka sani ba.

Na ce wa yaron ya leƙa ofishin harkokin ɗalibai ran Litinin ya karɓo jerin ƙungiyoyi, ya ce to Yaya. Ran Talata zan sake kiransa in ji wacce ya zaɓa.